Me ya sa na tsani Scarlett, amma na kasa daina kallonta?

Wata ɗaliba a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi ta aiko mini da tambaya a kan tsohon fim ɗin nan na Amurka mai suna Gone with the Wind, wanda mu mutanen Nijar muka fi sani da sunansa na Faransanci, Autant en emporte le vent. Ta ce ta kalle shi a wayarta dare ɗaya, kuma tun daga farko har ƙarshe ba ta ji ɗigon ƙaunar jarumar a zuciyarta ba, domin mace ce mai son kai, maƙaryaciya, wadda ta ƙwace wa ƙanwarta mijin da za ta aura, amma duk da haka ta kasa ajiye wayar har dare ya raba. Abin da take son sani shi ne yadda aka yi fim mai irin wannan jaruma ya yi suna haka a duniya, kuma ko rashin son da ta yi wa matar aibin fim ɗin ne, ko kuwa ita ce ba ta fahimce shi ba.

Ƴata, kin fahimce shi sarai. Na yi shekaru ina koyar da adabi a lise, wato makarantar sakandare, kuma a yawancin shekarun nan ni ke riƙe da ƙungiyar kallon fim ta ɗalibai, inda mukan haɗu ranar Asabar da yamma mu sa kaset, mu kalla, sa'an nan mu yi muhawara. Wannan fim na nuna shi ya fi sau goma, ban taɓa samun ajin da ya so Scarlett O'Hara ba, ban kuma taɓa samun ajin da ya watse kafin a gama ba. Ƙin da kika yi mata shi ne mafi gaskiyar abin da ke cikin fim ɗin. Aibinsa yana nan, babba ne ƙwarai, amma yana wani wuri dabam, a inda hoton ya fi kyan gani, a inda ake son mai kallo ya saki jiki ya ji daɗi.

Tushen fim ɗin littafi ne na Margaret Mitchell, ƴar jarida daga birnin Atlanta na jihar Jojiya, wanda ya fito a 1936, ya ci kyautar Pulitzer a 1937, kuma shi kaɗai ne littafin labarin da ta wallafa kafin mota ta buge ta ta mutu a 1949. David O. Selznick ya sayi haƙƙin mayar da shi fim a kan dalar Amurka 50,000, ya kashe kusan miliyan 4 wajen shirya shi, kuɗin da ba a saba jin irinsu ba a wancan zamani, aka fara haska shi a Atlanta ranar 15 ga Disamba 1939. Tsawonsa ya kusa awa huɗu. Ya ci kyautar Oscar 8 a gasa da wasu 2 na girmamawa, kuma idan aka yi la'akari da yadda darajar kuɗi ke sauyawa, har yau shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi. Mutanen Faransa ba su gan shi ba sai a 1950, bayan yaƙin duniya na biyu, kuma ta hannunsu ya iso gare mu, da muryoyin Faransawa a bakin mutanen Jojiya.

Bari mu auna laifuffukanta da ma'aunin gida. Tana da shekara 16 lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu masu riƙe da bayi, irin su Jojiya, ƴar mai gandun auduga da ake kira Tara, ta ƙwallafa rai a kan Ashley Wilkes, wanda tuni an tsai da maganar aurensa da ƴar'uwarsa Melanie. Son maso wani ƙoshin wahala, kuma wannan wahala ita ta yi ta janta fiye da shekara goma. Don ta huce haushi sai ta auri Charles, ɗan'uwan Melanie ɗin, yaron da ko kallo bai ishe ta ba. Ya tafi sansanin soja, ƙyanda da ciwon huhu suka kashe shi tun bai ga fagen fama ba, ita kuwa abin da ya dame ta shi ne baƙaƙen kayan makoki da za su hana ta zuwa biki. A wani taron tara kuɗin yaƙi a Atlanta, Rhett Butler, wanda daga baya ya zama mijinta na uku, ya yi tayin dala 150 na zinariya don ya yi rawa da ita, ta kuwa tashi ta shiga fili da kayan makokin a jikinta. Ki ƙaddara mace tana cikin takaba ta fito dandali ana yi mata liƙi. Ɗalibaina sukan riƙe baki a wannan wuri, kuma tsofaffin matan Atlanta na cikin fim ɗin ma abin da suka yi ke nan.

Mafi muni shi ne wanda kika ambata. Bayan yaƙi an ɗora wa Tara harajin dala 300, babu mai ko sisi a gidan, sai Scarlett ta gamu da Frank Kennedy, wanda ya daɗe yana neman ƙanwarta Suellen, ta ga ya buɗe kanti ya fara samu. Nan take ta ce masa Suellen ta gaji da jira za ta auri wani, ta sa hannunta cikin aljihun rigarsa wai tana jin sanyi, ba a daɗe ba aka ɗaura musu aure. Na tuna wata shekara wata yarinya a bayan aji ta miƙe tsaye a daidai wannan wuri ta ce wa akwatin talabijin Allah ya isa, kuma babu wanda ya yi dariya, domin kowa ya san ciwon cin amanar ciki ɗaya. Daga baya da ta mallaki wurin tsaga katako, sai ta ɗauko hayar ƴan kaso daga hannun hukuma saboda sun fi araha, ta damƙa su ga wani mugun shugaban aiki, ta ba shi wuƙa da nama. Ta mari Ashley, ta mari ƙanwarta, ta mari baiwarta Prissy, ta yi wa doki bulala har ya faɗi ya mutu a bakin gida.

To me ya hana ki ajiye wayar? Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cutar matarsa Ƙoƙi da duk wanda ya yarda da shi, amma da zarar kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku ta ambaci sunansa sai yara su matso. Babu mai fatan ɗansa ya zama Gizo. Abin da ke riƙe mu shi ne yana son abu da dukan ransa, kuma kullum yana cikin dabarar yadda zai same shi, mu kuma mun san dabarar tun kafin waɗanda za a cuta su sani. Haka aka gina Scarlett. An shigar da mu cikin kanta, muna ganin lissafinta yana tafiya, mun san ƙarya za ta yi kafin ta buɗe baki, saboda haka muka zama abokan sirrinta ko ba mu so. Mai labari ya fi buƙatar mai kallo ya matsu ya ga abin da jaruma za ta yi a kan ya ƙaunace ta. Yawancin finafinan da muka saba da su, na Indiya da namu na Hausa, sun koya mana cewa jaruma ita ce mai haƙuri, wadda ake cuta tana kuka har gaskiya ta yi halinta, mugunta kuwa a bar wa kishiya ko uwar miji. Wannan fim ya ɗauki matar da a wurinmu muguwar kishiya za ta fito, ya ajiye ta a tsakiya, ya ce a bi ta awa huɗu. Kuma bai taɓa wanke ta ba. Rhett yana gaya mata halinta a fuskarta, Mammy, baiwar da ta rene ta, tana gaya mata, a ƙarshe kuma ta rasa kowa a daidai lokacin da ta gane wanda take so.

Akwai dalili na biyu, wanda a wurina ya fi na farko nauyi, shi ne yunwa. Rabin farko na fim ɗin ya ƙare ne da dawowarta Tara bayan sojojin Janar Sherman na Arewa sun ci Atlanta a 1864. Ta karɓi haihuwar Melanie da hannunta ba likita ba unguwarzoma, ta ɗauko ta da jaririn a keken doki ta ratsa da su ƙasar da aka ƙone, ta iso gida tana tsammanin za ta sauke kayan a gaban uwarta. Sai ta tarar zazzaɓin taifot ya kashe uwar, uban ya zautu, ƙannenta suna kwance, babu dabba, babu hatsi, kowa kuma ita yake kallo. Ta fita lambu ta tono wata ƴar saiwa ta cusa a baki da ƙasa a jikinta, cikinta ya ƙi karɓa, sa'an nan ta miƙe ta yi rantsuwa cewa ko za ta yi ƙarya, ko sata, ko kisa, ita da nata ba za su ƙara kwana da yunwa ba. Duk abin da ta aikata daga baya cika wannan rantsuwa ne.

Ke ba a haife ki ba a lokacin, amma ki tambayi iyayenki labarin yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari, shekarar da damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyaka. Ina da gwaggo, Allah ya jiƙanta, wadda sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, ya bar ta da baki goma sha huɗu. Ta rataya makullin ɗakin hatsi a wuyanta, da shi take kwana, kullum da safe ta auno tiya ɗaya ta shafe bakinta da tafin hannu don kada ƙwaya ta yi tozo. Ta sayar da kwanonin auren ƴarta ba tare da ta shawarci kowa ba. Wata rana ƙanen mijinta ya zo daga ƙauye da buhu a naɗe a hammata, ina zaune a zaure, na ji ta da kunnena ta ce masa babu, alhali ni da shi mun san akwai. Ya juya ya tafi bai ko sha ruwa ba. A gidan nan babu wanda ya mutu, har jaririn da ake goyo. Amma har ta koma ga Allah sunanta a dangi mai baƙar rowa, kuma waɗanda suka fi faɗin haka su ne waɗanda suka rayu da tiyar nan. Duk lokacin da na ga Suellen tana zagin yayarta a gonar auduga, ko Ashley yana zaune a inuwar dukiyar Scarlett yana ƙyamar hanyar da aka samo ta, gwaggona nake tunawa. Ana cin tuwon irin waɗannan mata ana zaginsu, kuma fim ɗin ya san haka.

Sai dai akwai bambanci, kuma a nan ne basirar labarin take. Gwaggona da damina ta dawo ta cire makullin daga wuyanta. Scarlett ba ta taɓa cire nata ba. Yunwar ta bar cikinta ta koma zuciyarta. Ki duba lokacin da Rhett ya kai ta New Orleans bayan aurensu, ga ta cikin alharini da zinariya, amma tana cin abinci hannu baka hannu ƙwarya tana bin farantin da ya wuce da ido, da dare kuma ta farka da kuka ta yi mafarkin tana gudu cikin hazo tana jin yunwa da sanyi. Dabarar da ta ceci gidan a ranar wuya ita ce ta rushe shi a ranar daɗi. Wanda ya kalli wannan ya ce mugunta ce kawai bai kalla da kyau ba, haka ma wanda ya ce jarumta ce kawai.

Kada kuma ki ɗauki Melanie a matsayin mai haƙurin nan da muka saba gani. Ranar da wani sojan Arewa da ya gudu daga rundunarsa ya shigo Tara zai yi sata, Scarlett ta harbe shi a fuska, sai ga Melanie ta fito daga kan gadon jinya tana jan takobin ɗan'uwanta da ƙyar. Ita ta leƙa taga ta yi wa mutanen gida ƙaryar cewa bindiga ce ta tashi wajen gogewa, ita ta ce a laluba aljihun mamacin, ita ta tuɓe rigar barcinta aka naɗe kansa don kada jini ya bar alama. A ganina dangantakar matan nan biyu ta fi soyayyar Scarlett da Rhett zurfi, domin ɗaya ba ta rayuwa sai da ƙarfin ɗayar, ɗayar kuma ba ta da mutunci a gari sai a inuwar wadda take raina wa wayo.

Duk wannan da bai tsaya ba in ba don Vivien Leigh ba. An gana da mata kusan 1,400 ana neman wadda za ta fito a Scarlett, a ƙarshe aka ba Baturiyar Ingila da aka haifa a Darjeeling ta ƙasar Indiya a 1913. Wurin da nake mayar wa ɗalibai baya su sake gani shi ne na rigar labule. Scarlett tana son ta je wurin Rhett, wanda sojojin Arewa ke tsare da shi, ta yaudare shi ya ba ta kuɗin haraji, amma ba ta da tufar fita, sai ta fizgo koren labulen karammiski na uwarta, Mammy ta ɗinka mata riga da shi. Ta shiga tana rangwaɗa tana fari da ido, tana cewa komai lafiya lau a Tara, har ya fara narkewa. Sai ya kama hannuwanta zai sumbata, ya juya tafin, ya ga kanta irin ta mai noma. A cikin daƙiƙa biyu fuskarta ta bi ta kan tsoro da kunya da fushi, sa'an nan ta koma sabon lissafi, ba tare da ta ce uffan ba. Wannan shi ake kira iya wasa. George Cukor, wanda ya fara ba da umarni kafin a sallame shi bayan ƴan makonni a kawo Victor Fleming, ya ci gaba da horar da ita da Olivia de Havilland, mai fitowa a Melanie, a asirce, kuma ina jin hannunsa a irin waɗannan wurare.

Kyan hoton ba ya buƙatar dogon bayani, kin gani da idonki ko a ƙaramin gilashin waya. Launin Technicolor ne tun yana sabo, gobarar Atlanta kuma wuta ce ta gaske, tsofaffin gine-ginen wasu finafinai aka cinna wa wuta a daren 10 ga Disamba 1938. Akwai kuma wurin tashar jirgin ƙasa, inda Scarlett ke neman likita, kyamara ta yi ta ɗagawa sama har matar ta zama ɗigo a cikin ɗaruruwan raunanan sojoji da ke kwance a rana. Amma rabin na biyu bai kai na farko ba. Daraktoci uku da marubuta da dama sun sa hannu a aikin, kuma ɗinkin yana nunawa: a cikin sa'ar ƙarshe ɓari, da mutuwar ƴarsu Bonnie, da mutuwar Melanie sun zo a jere kamar ana sauri a rufe kasuwa. Leslie Howard kuma yana da shekara 46 a 1939, ga sanyin jiki, har mai kallo ya kasa gane abin da yarinya mai wuta irin Scarlett ta gani a jikin Ashley. Wani aibin ya fi waɗannan tsanani. Akwai daren da Rhett ya bugu ya ɗauke ta da ƙarfi tana turjewa ya hau da ita bene, da safe kuma aka nuna ta tana murmushi tana ƴar waƙa. Saƙon da ke ciki shi ne tilas a cikin aure abu ne da mace ke so a ɓoye, kuma wannan ƙarya ce mai cutarwa, ban taɓa barin ta wuce a aji ba tare da na tsai da kaset mun yi magana ba.

Yanzu ga babban aibin. Fim ɗin da ya ƙi yi mana ƙarya a kan mace ɗaya ya yi mana ƙarya a kan mutum miliyan 4, domin kusan adadin bayin da ke Amurka ke nan a ƙidayar 1860, kuma a jihar Jojiya sun haura kashi 40 cikin ɗari na jama'a. Rubutun da ke buɗe fim ɗin yana kuka ne a kan wata kyakkyawar duniya ta barade da gimbiyoyi, ta ubangida da bawa, wadda iska ta tafi da ita. Ki koma farkon fim ɗin, wurin walimar gidan su Ashley, lokacin da ƴan matan Turawa suka kwanta ƙailula. Ki bar kallon masu barcin, ki dubi gefen hoton: ƙananan yara mata baƙaƙe ne a tsaye suna yi musu fifita da gashin ɗawisu. An sa su a wurin kamar kayan ado, kiɗan Max Steiner yana tafiya a hankali, kuma ana son ki ji daɗin wurin. Babu bawan da aka yi wa bulala a fim ɗin, babu kasuwar da ake raba uwa da ɗa, babu bawa ko ɗaya da ya buɗe baki ya ce yana son ƴanci. Big Sam yana tafiya haƙa ramukan yaƙi don kare iyayen gijinsa yana washe baki. Waɗanda suka karɓi ƴancin bayan 1865 kuwa an nuna su a matsayin wawaye da ƴan siyasar Arewa ke ruɗa da alkawarin gona da alfadari. A cikin littafin, mazan da suka fita da dare ɗaukar fansar harin da aka kai wa Scarlett ƴan ƙungiyar Ku Klux Klan ne, masu kashe baƙaƙen fata. Selznick ya cire sunan, ya mayar da shi taron siyasa, amma ya bar aikin, ya kuma bar mu muna fatan su dawo gida lafiya.

Wuri ɗaya ne gaskiya ta kusa fitowa, kuma daga bakin Scarlett ta fito. Da Ashley ya ce ba zai ci riba da wahalar ƴan kaso ba, sai ta tuna masa cewa bai yi wannan ƙyama ba lokacin da yake da bayi. Ya amsa cewa su ba haka suke riƙe nasu ba, fim ɗin kuma ya bar maganar a nan kamar ya gamsu. Ki lura da abin da ya faru: muguwar ce ta faɗi abin da mutanen kirkin suka kasa faɗa, domin ita ba ta iya yi wa zalunci ado ba. Abin da take yi a fili shi Ashley da ubanta da salihar uwarta suka yi shekara da shekaru cikin ladabi da taushin murya. Mun tsane ta mun so su, alhali gandun guda ne.

Mammy kuwa ko suna ba ta da shi, domin kalmar laƙabi ce ta baiwa mai reno. Ba a nuna mata miji ba, ko ɗa, ko wani buri da ya wuce ƴaƴan uwargijiyarta. Amma Hattie McDaniel, wadda iyayenta biyu sun yi bauta, ta cika wannan ƙunƙuntaccen gurbi da mutunci har ta zama ita ce mai hankalin gidan. Ba a bari ta halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ba saboda dokokin wariyar launin fata. A watan Fabrairu 1940 ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a otal ɗin da aka zaunar da ita a wani tebur na gefe, nesa da abokan aikinta. Da ta mutu a 1952 ta bar wasiyyar a binne ta a maƙabartar Hollywood, aka ƙi saboda launinta.

Laifi tudu ne, saboda haka ba na koyar da wannan sashe kamar labarin wasu mutane na nesa. Mu mutanen Maraɗi mun san zaƙin kukan ƙasar da aka rasa. Garin nan waɗanda jihadi ya fitar daga Katsina a farkon ƙarni na 19 ne suka ɗaukaka shi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, har yau kuma sarautarmu Sarkin Katsina ake kiranta. Wannan tarihi abin alfahari ne, amma idan maroƙa suna wasa barade da dawakansu, ba kasafai ake tambayar wanda ya noma gandun da ya ciyar da dawakan ba, ko inda aka kai waɗanda aka kamo a hari. Sai a 2003 Nijar ta sa hukuncin bautar da mutum a cikin dokar laifuffuka, kuma a watan Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta sami ƙasarmu da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure idan bincike ya kai ga kalmar asali. Maganar nan ta Ashley, cewa mu namu muna riƙe su da kyau kamar ƴaƴan gida, na sha jin ta da Hausa daga bakin dattawan da nake girmamawa.

A watan Yuni 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, dandalin kallon finafinai ta intanet na HBO Max ya janye fim ɗin na ɗan lokaci, sa'an nan ya mayar da shi tare da gabatarwar malamar tarihin finafinai Jacqueline Stewart. Ina ganin hanyar da ta dace ke nan, kuma ita nake ba ki shawara ki bi idan za ki nuna wa ƙannenki. Kada ki ba su a waya su kalla su kaɗai. Ku raba shi dare biyu, ku tsaya a wurin rantsuwar lambu, ki tambaye su abin da za su yi da su ne a matsayinta da baki goma suna jira. Kafin a fara ki gaya musu adadin bayin, ki ce su ƙirga sau nawa aka tambayi ɗaya daga cikinsu abin da yake so. Idan kuma kun kai kusa da ƙarshe, inda Mammy ke hawa bene tare da Melanie tana ba ta labarin yadda Rhett ya kulle kansa a ɗaki da gawar ƴarsa ya hana a binne ta saboda yarinyar tana tsoron duhu, ki ce kowa ya yi shiru. Ba a nuna mana abin da ya faru a ɗakin ba ko kaɗan, muryar matar nan da hawayenta kaɗai suka ɗauke shi tun daga matakalar farko har bakin ƙofa.